Kalmomin Elfawa: daga ina Tolkien ya samo su?

Wata ɗaliba daga jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ta aiko da tambaya. Ta kalli fina-finan The Lord of the Rings guda uku, ta ji Elfawa, wata ƙagaggiyar al'umma ta cikin labarin, suna magana da harshensu, sai ta shiga intanet ta samo jerin kalmomi biyu da suka saɓa wa juna. Ta kuma lura cewa a harshen ana kiran duniya Arda, wuta kuma nár, kamar ardu da naru na Larabci. Tana son ta sani: kalmomin nan suna da tushe ko surutu ne mai daɗin ji kawai, daga Larabci aka aro su, kuma wane jeri za ta dogara da shi? Ita ma tana rubuta labari, tana so ta ƙaga wa mutanen cikinsa harshe.

Ɗiyata, kalmomin suna da tushe, kuma tushen ya fi labarin tsufa. J.R.R. Tolkien, marubucin littafin da aka yi fina-finan daga gare shi, wanda aka haifa a 1892 ya rasu a 1973, masanin tarihin harsuna ne tun kafin a san shi da rubuta labari. Ya yi aiki a babban ƙamus ɗin Ingilishi na Oksfod a 1919 da 1920, yana bin asalin kalmomin da suka fara da harafin W, kuma daga 1925 ya zama farfesan tsohon Ingilishi a Oksfod. Ƙamus ɗinsa na farko na harshen da ya kira Qenya ya fara shi wajen 1915, na harshe na biyu kuma a 1917, alhali The Hobbit bai fito ba sai 1937, The Lord of the Rings kuma sai 1954 da 1955. A wata wasiƙa ta 1955 ya faɗa da kansa cewa harsunan su ne ginshiƙi, labaran an yi su ne domin harsunan su sami duniyar da za a yi magana da su.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne yadda ya yi aikin. Bai zauna da ƙamus ɗin Ingilishi yana ba kowace kalma sabon suna ba. Ya ƙaga tsohon harshe guda, kakan sauran, ya ba shi saiwoyi. Daga nan ya raba masu magana da shi gida-gida a cikin labarin, ya sa wa kowane gida dokokin sauyin sauti nasa, ya bi kowace saiwa ya ga yadda za ta fito bayan dubban shekaru. Harsuna biyu da ya fi ba ƙarfi su ne Quenya, wato Qenya ɗin nan na farko, wanda ake furtawa Kwenya, da Sindarin. Saboda haka kusan kowace kalma tana da ƴar'uwa a ɗaya harshen, kuma ana iya nuna hanyar da kowace ta biyo.

Saiwoyin yawanci baƙi ne, wasali, baƙi: KAL haske, MOR duhu, TIR dubawa, MEL ƙauna, KIR yanka ko tsagawa. Ke da kika zauna gaban malami kika yi sarfu, wannan ba baƙon abu ba ne gare ki. Kin san hukunci, hukuma, hikima da hakimi duk daga baƙaƙe uku na Larabci suka fito. Bambancin shi ne saiwar Larabci baƙaƙe ce tsurarsu, wasulla suna shiga suna fita, amma saiwar Elfanci tana da wasalinta na gado, wanda Tolkien ya kira sundóma. Wasalin nan ana iya tsawaita shi, ko a maimaita shi a gaban saiwa domin ƙarfafa ma'ana. Daga NAR, wuta, aka sami Anar, rana, a Sindarin Anor. Daga THIL, ƙyalli fari, aka sami Ithil, wata, a Quenya Isil.

Bari in tsaya kan KIR, domin ita ce saiwar da nake nuna wa ɗalibai idan ina so su ga zurfin aikin. Ma'anarta tsagawa. Jirgin ruwa yana tsaga ruwa da goshinsa, don haka a Quenya jirgi shi ne cirya, kuma ki tuna harafin c a waɗannan harsuna kullum k ake furta shi. Matuƙin jirgi ciryamo. A Sindarin maƙerin jiragen nan na labarin sunansa Círdan. Tsagi tsakanin duwatsu inda mutum zai ratsa shi ne cirith, kamar a Cirith Ungol. Haruffan da ake sassaƙawa a dutse ko itace, tunda yanka su ake yi, sunansu cirth, tilonsu certh. Kuma tsagin da hasken ƙasar Valinor ke fitowa ta cikinsa ana kiransa Calacirya, KAL da KIR a haɗe. Jirgi, mashigar dutse, harafi da sunan mutum, duk daga baƙi biyu da wasali ɗaya. Wanda ya haddace su ɗaya-ɗaya a jeri zai sha wahala kuma ya manta. Wanda ya san saiwar zai iya hasashen ma'anar sunan da bai taɓa gani ba.

Ɗafi ma yana da tsari. A Hausa muna sa ma- a goshi mu sami mabuɗi daga buɗe, maƙera da maƙeri daga ƙera. Quenya yana sa -ma a ƙeya domin sunan kayan aiki: calma fitila daga KAL, corma zobe daga KOR mai nufin kewaye, parma littafi. A jerin saiwoyin da ya rubuta wajen 1937, saiwar TEK, yin alama, ta ba da tengwa harafi, tecil alƙalami, da tehta, ƴar alamar da ake ɗorawa kan baƙi ta nuna wasali, daidai yadda muke yi wa ajami wasulla.

Yanzu dokokin sauti, inda ainihin gwanintar take. Kin yi Faransanci a lakwal, to ki duba: Latin cantare, caballus, campus sun zama chanter, cheval, champ, alhali Italiyanci ya bar k ɗin a wurinsa, cantare, cavallo, campo. Ba kalma ɗaya ce ta sauya ba, duk inda ka- ya zo a farkon kalma abin ya shafe shi. Haka Tolkien ya yi. Tsohon harshen yana da kalmomin da suka fara da mb, nd da ng. Quenya ya riƙe ɗan hancin ya yar da na biyun, Sindarin ya yi akasin haka. MBAR, zama, ta ba da mar a Quenya da bâr a Sindarin, duka gida. NDOR, ƙasa, ta ba da -nor na Valinor da Númenor, da -dor na Gondor da Mordor. Kabilar da ake kira Noldo a Quenya, Golodh ce a Sindarin. G na farkon kalma kuma ya faɗi a Quenya: itace alda ne a can, galadh a Sindarin, dutse ondo ne a can, gond a nan, shi ya sa Gondor ke nufin ƙasar dutse, Mordor kuma ƙasar duhu.

Akwai wata doka da ya ɗauko kai tsaye daga tarihin harsunan Biritaniya. A harsunan Keltawa, tsohon kw ya zama p a harshen Wels, amma ya tsaya k a harshen Ailan: kai pen ne a Wels, ceann a Ailan. Tolkien ya sa wannan tsakanin harsunansa. KWET, faɗa, ta ba da quetta, kalma, a Quenya, da peth a Sindarin, da kuma pedo, "faɗi", wadda ke rubuce a ƙofar Moria, wani birnin ƙarƙashin duwatsu a labarin, tare da mellon, aboki, daga MEL. Wani babban tsuntsun ruwa fari mai dogon wuya alqua ne a Quenya, alph a Sindarin.

Kada ki ɗauka wannan ilimin Turawa ne da ba ya taɓa bakinmu. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920 wata doka ta Hausa da har yau ake kira da sunansa: baƙin da ya zo ƙarshen gaɓa yakan raunana ya koma u. Shi ya sa muke da talaka amma talauci, ɓauna amma ɓakane. Shi ya sa jam'in Buzu yake Bugaje, domin a da akwai g a cikin tilon, jam'i ne ya adana shi. Shi ya sa Bakano ke cewa zauna da sauka, mutanen yamma kuma zamna da sabka. Aure ma amre ne a asali, kuma amarya ta tsaya shaida. Mai neman gane Quenya da Sindarin irin wannan kunne yake buƙata, kuma duk wanda ya tashi a Zinder yana jin Bakano, Bagobiri da Ba'adare a kasuwar Dole ya riga ya same shi.

Sai abin da ke rikita mai neman kalma a ƙamus. Sindarin yana sauya baƙin farko gwargwadon abin da ya gabace shi, wata ɗabi'a da aka ɗauko daga Wels. Peth yakan zama beth, mellon yakan zama vellon. Idan kin ga beth a jimla kika nema ƙarƙashin b, ba za ki samu ba. Maƙwabtanmu Fulani suna da makamancin haka: Pullo da Fulɓe, gorko da worɓe, debbo da rewɓe. Jam'in Sindarin kuma a cikin kalma yake sauyawa: adan mutum, edain mutane, amon tudu, emyn tuddai, orch da yrch. Dalilinsa tsohon -i ne na jam'i, wanda ya ja wasulan kalmar zuwa gare shi sannan ya faɗi. Quenya ya adana shi a fili: atan, atani, elen tauraro, eleni taurari.

Mu dawo kan Arda da nár. Tolkien ya faɗi wuraren da ya sha ruwa. Quenya ya ginu ne kan sha'awar harshen Finlan, wanda ya gamu da nahawunsa a ɗakin karatu na kwalejin Exeter yana ɗalibi, tare da Latin da Girkanci. Akwai ma kalmomin da suka shigo kusan yadda suke: tul- zuwa, anta- bayarwa, duka haka suke a harshen Finlan. Sindarin ya bi sautin Wels, harshen da ya fara gani yana yaro a jikin taragun gawayi a wajen Bamingam. Sunan Eärendil, wani matuƙin jirgi a labarin, daga wata tsohuwar waƙar Ingilishi ya same shi, éarendel, sannan ya koma ya gina masa asali a Quenya: ëar teku, -ndil masoyi. Ond na dutse ma ya ce tun yana yaro ya karanta cewa kalma ce ta mutanen da suka riga Keltawa zama a Biritaniya, ta zauna masa a rai.

A cikin tsarinsa, arda tana nufin yanki mai iyaka, masarauta, daga wata saiwa mai nufin riƙewa ko mallaka, kuma ƴar'uwarta a Sindarin ita ce ardh ko gardh. An kira duniya Arda domin ita ce masarautar da aka danƙa wa Manwë, shugaban masu kula da duniya a labarin. Nár kuma tana da danginta, naur a Sindarin, da Anar da muka gani. Kamar da kika ji gaskiya ce, kunnenki bai yaudare ki ba. Amma kama ba ta isa hujja a wannan ilimi. Harsunan duniya suna aiki da sautuka kaɗan, gajerun kalmomi kuma dole su ci karo. Zumunci da asali ake tabbatar da shi, kamar yadda a fada ba a naɗa mutum don fuskarsa ta yi kama da ta sarki, sai an ja salsalarsa. A harshe, salsala ita ce dokar da ke maimaita kanta a kalmomi da yawa. Kasuwa da suƙ na Larabci ba su yi kama sosai ba, amma dangi ne, domin ta hanyar Barebari ta iso mana, kasugu. Shi kansa Tolkien ya yi fama da irin wannan tambaya. A 1967 ya amsa wa wani mai karatu da ke neman asalin sunayensa a wasu harsuna, ya ce Moria ba ta da alaƙa da Moriah na Attaura: mor duhu ne, iâ rami mai zurfi.

Inda ya nufi dangin Larabci da gangan shi ne harshen gajerun mutanen nan maƙera masu haƙar duwatsu, Khuzdul. A wata hira da BBC a tsakiyar shekarun 1960 ya ce ya gina kalmominsu su yi kama da na dangin Ibrananci da Larabci. A can za ki ga baƙaƙe uku suna aiki yadda kika sani: Kh-Z-D ta ba da Khazâd, sunan mutanen, da Khuzdul, harshensu.

Kama tana yaudara har a cikin Sindarin kansa. Galadriel sarauniyar Galadhrim ce, mutanen itatuwa, sai mutum ya ɗauka sunanta daga galadh yake. Daga galad yake, haske mai ƙyalli, da riel, budurwa mai kambi a ka, saboda gashinta. Harafin dh kamar zal na Larabci ake furta shi, kuma shi kaɗai ya raba kalmomin biyu. Tolkien ya rubuta cewa har a cikin duniyar labarin wasu sun riƙa kuskuren nan suna cewa Galadhriel.

Akwai wani rubutu nasa na wajen 1968, wanda aka buga a 1996, da nake ƙauna ƙwarai. Kin ga Ithil da Isil. A tsohon Quenya akwai sautin th, irin harafin Larabci mai ɗigo uku da muke mayarwa s a Usman, hadisi da misali. Kabilar Noldor ta fara mayar da shi s. Fëanor, babban gwaninsu, ya ƙi, domin mahaifiyarsa da ta rasu ana yi mata laƙabi da Therindë, gwanar ɗinki, kuma da th take furta shi. Sai furucin harafi ɗaya ya zama alamar wanda ke tare da shi da wanda ke tare da ƴaƴan matar ubansa ta biyu. Duk wanda ya ga yadda alarammomi ke tsayawa kan mafitar harafi, ko yadda ake gane garin mutum da zarar ya ce hwari a maimakon fari, zai gane cewa wanda ya rubuta wannan ya san abin da harshe yake a rayuwar mutane.

Saura batun jerin nan biyu da suka saɓa. Dalili na farko shi ne Tolkien ya yi kusan shekara 60 yana gyara, bai taɓa rufe aikin ba. Harshen 1917 ya kira shi Goldogrin, daga baya ya zama Noldorin, sai a farkon shekarun 1950 ya zama Sindarin, aka kuma sauya mutanen da ke magana da shi a labarin. Babban jerin saiwoyinsa, The Etymologies, mai saiwa wajen 600, an rubuta shi wajen 1937 da 1938, ɗansa Christopher ya buga shi a 1987, kuma a cikinsa harshen na biyu har lokacin Noldorin ne, ba Sindarin ba. Masu jeri da yawa suna kwasar kalmomin 1917, 1937 da 1960 su zuba wuri ɗaya ba tare da shekara ba. Kalmar lá a wasu takardunsa tana nufin a'a, a wasu kuma i. Sunan Celeborn, mijin Galadriel, da farko itacen azurfa ne, daga baya ya ce dogo mai azurfa. Har gaisuwar Frodo, jarumin The Lord of the Rings, da aka buga da omentielmo ya mayar da ita omentielvo a bugu na biyu.

Dalili na biyu shi ne giɓi. Bai yi harsunan don a yi ciniki da su ba, don haka kalmomin taurari, teku da baƙin ciki sun yi yawa, na harkokin yau da kullum sun yi ƙaranci. Masu sha'awa suna cike giɓin da kalmomin da suka gina daga saiwoyinsa. Yawancin maganar Elfawa da kika ji a fina-finan 2001 zuwa 2003 wani masanin harshe ɗan Amurka, David Salo, ya tsara ta haka. Ba na ganin laifin wannan aiki, muddin an faɗi gaskiya. Al'adar masana ita ce a sa ɗan tauraro gaban duk kalmar da ba a samu a rubuce ba. Jerin da ya haɗa kalmar Tolkien da ta wani ba tare da alama ba, ki bar shi.

Don haka ki tambayi kowace kalma abu uku: wace saiwa ce, a wace takarda ta fito, kuma a wace shekara. Mujallu biyu, Parma Eldalamberon da Vinyar Tengwar, su ne suka buga takardunsa na harshe da izinin magadansa. A intanet kuma Eldamo na Paul Strack yana raba kalmomi bisa zamani, yana nuna saiwa da matakan sauyin sauti ɗaya bayan ɗaya. Da shi za ki gwada jerin nan naki biyu. Idan kina son wurin farawa a littafi, ƙarshen The Silmarillion na 1977 yana da ɗan jerin gutsattsarin da aka gina sunaye da su, kuma ya isa ki warware sunayen taswirar da kanki.

Game da harshenki na labari, ɗiyata, kada ki fara da ƙamus. Ki zaɓi sautukan da kike so, ki kuma yanke waɗanda ba za su shiga ba. Ki yi saiwoyi kaɗan na abin da mutanenki ke rayuwa da shi: rijiya, rairayi, raƙumi, gishiri, ƙarfe, ƙishi. Ki raba su gida biyu, ki sa wa kowane gida doka biyu ko uku, misali ɗaya ya mayar da k zuwa c a gaban i da e, kamar yadda t ɗinmu ke zama c a mota da motoci, ɗayan kuma ya yar da wasalin ƙarshe. Sannan ki bi dokar ko da ta ba ki kalmar da ba ki yi tsammani ba. Kada ki ari sautin Wels ko Finlan don Tolkien ya ara. Shi abin da ya taɓa kunnensa ya bi, ke kuma a Birni da Zango kina jin Barbarci, Buzanci da Fulatanci kullum. Ki buɗe littafi na musamman, kowace saiwa da shafinta, ki riƙa sa kwanan wata a duk gyaran da kika yi, domin bayan shekara biyar za ki buƙaci sanin wace siga ce ta riga wata.